Gonar Danda Ta Gaji

Matso kusa, samu wuri ka zauna, in ba ka labarin Danda, manomi a wani ƙauye arewa da Mayahi, bayan Gulbin Kaba.

Zamanin ubansa, in gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekara biyar ko shida, a ƙara gaba a sari daji. To, da aka samu 'yancin kai gujiya ta yi daraja, ita ce mutanen kudu ke ce ma gyaɗa. Kowa ya shuka, Danda ma ya bi. Shekara bakwai yana zuba ta a jigawa ɗaya, har ƙasar ta yi fari fat. Da ya koma ma hatsi, karan bai wuce ƙugunsa ba.

Sai ya saɓa gatari ya yi arewa neman sabon wuri. Kafin hantsi ya ci karo da gonakin mutanen garin Tchaké. Ya juya gabas, gonaki. Yamma kuma burtalin shanu. Mutane sun hayayyafa, daji ya ƙare.

Ya dawo ya ce ma matarsa Hurera, "Bana rabin gonar, wajen itacen gawo, za ta huta."

Ta ce, "Malam, a gaban idon wa za ta huta?"

Ai kuwa kwana uku, sai ga Na Allah, ɗan ƙanen ubansa.

"Yaya, na ga ba ka share wajen gawon nan ba. Ara mani, damina ɗaya."

"Ba barinta na yi ba, hutawa take."

"Hutawa? Ita ke riƙe hauyar ko mu? Bakuna tara gare ni a gida, ƙasa na kwance tana barci!"

Ka san halin wurin. Ba a hana ɗan'uwa ƙasar da ba a noma ba. Wadda aka ara kuma, in mutum ya ci damina biyu a kanta, karɓo ta sai an je gaban mai gari.

Da ruwan farko ya sauka, Danda ya shuke gonar kaf, har gindin gawon. Yana jefa iri yana ba ta haƙuri, don ya san abin da za ta ba shi. Da kaka dami bai kai na bara ba. Baɗi ya sake, abin ya ƙara raguwa, kuma haka ya tsufa a kanta, bai taɓa barin ko taku ɗaya ba shuka ba.

To kai, da gonarka ce, ka ara ma Na Allah ko ka shuka?