Kujerar Malam

A shagon Malam da ke Dutsin-Ma na koyi zana gida a kwamfuta, irin wanda mai gini zai juya ya ga gaba da baya kafin a haƙa tushe. Ba komai ake zanawa da hannu ba. Akan rubuta wa manhajar umarni, ita ta jera tagogi ko kwanon rufi da kanta. In umarnin ya karkace, sai rufi ya tsaya a miƙe kamar garu.

Nan ne Malam ke jawo farar kujerar robarsa kusa da ni. Ya tsayar da umarnin a layin farko, mu bi shi layi-layi, yana tambayata, "To, nan me ta riƙe?" Har mu kama inda lissafi ya ɓace. Bai cika magana ba, sai a wannan zaman yake ba ni labarin ƙuruciyarsa. Wallahi na fi son zaman da aikin.

Da hannuna ya faɗa da aikin, kujera ta daina zuwa. Sai ga wani ɗan Kurfi, sa'ana, ya shigo koyo. Kai, ban taɓa ganin mai ɓata aiki irinsa ba! Ƙofar zaure a kan soro, taga a cikin ƙasa. Kujera kuwa ta tare a wurinsa. Ina jin su suna dariya, Malam na ba shi labaran da na ɗauka nawa ne. Na ji haushi, haushi sosai. Ko gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa, shi kuwa bawan Allah har gyaɗa yake kawo mini daga gida.

Ana nan, ina aikin gidan wani Alhaji na wajen Zobe, kwanon rufi ya hau kan juna ya ƙi shimfiɗuwa. Na bi, na sake bi, ban gano ba. Maimakon in damu, sai na ji daɗi har cikin raina.

"Malam, abin ya gagare ni," na ce, ina matsawa gefe don a samu wurin kujera.

Malam bai ko ɗago ba. Ya taɓa kafaɗar ɗan Kurfi. "Je ka duba masa, ai ka iya yanzu."

Ya ɗauko farar kujerar, ya zauna kusa da ni, ya tsayar da umarnin a layin farko.

"To, nan me ta riƙe?" in ji shi.