Ranar da Muka Auna Allon Kwamfutar Yaya a Sabuwa

Mun tashi da asuba daga Ƙanƙara, ni da maƙwabcina mai gyaran kwamfuta, amma sai da rana ta fito sosai direba ya yarda ya tayar da mota. Hanyar Sheme ba a yi mata sammako yanzu, sai motoci sun taru a bi juna. Ni dai ina ta karanta addu'ar tafiya, in na ƙare in yi shakkar ko na tsallake wani wuri, in sake.

Yayana ne ya sa muka fito. Hoton fasfo yake ɗauka a Sabuwa, da shi yake ciyar da gidansa. Kwanakin baya ya ce fuskokin mutane sun daina fita a allon kwamfutarsa, zai rufe shago. Mahaifinmu ya rasa ganinsa kafin ya rasu, shi ya sa tun da na ji maganar barcina ya lalace. Maƙwabcina ya ce wataƙila allon ne ya tsufa, kuma ana iya aunawa da kyamara. Sai na sa farar rigata ta Juma'a don kada Yaya ya ga alamar damuwa a jikina.

Daga Yargoje zuwa Ruwan Godiya masara ta yi kyau, sai dai gonakin da ke nesa da titi ciyawa ta cinye su. A Sheme muka sha fura da nono. Dunƙulen furar ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Muka canza mota a Funtuwa, muka bi ta Dandume, ramuka suna ta gaisawa da ƙugunmu, muka isa bayan azahar.

Yaya ya rame. Aka tayar da janareto, aka rufe ƙofa, aka toshe taga da buhu har shagon ya yi duhu. Maƙwabcina ya kafa kyamarar Yaya a gaban allo, ya mai da allon fari fat, ya duba tsawon lokacin da idon kyamara ke buƙata a buɗe kafin hasken ya ishe shi. Ya mai da shi baƙi ƙirin, ya sake dubawa. In aka raba wannan da wancan, a cewarsa, sai a san sau nawa farin ya ninka baƙin. Allo mai lafiya yakan doshi dubu. Na Yaya bai fi ɗari da 'yan kai ba.

"Alhamdu lillahi! Ashe wanga tsohon allo ne, ba ni ba," in ji Yaya, yana dariyar da na daɗe ban ji ba.

A nan ne na lura da wani abu. Haske na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana sauka a rigata, ga ni kuma tsaye a cikin baƙin allon, fari sol kamar an liƙa ni. Hasken rigar nan zai iya hana baƙin cika baƙi, ya rage awon. In na yi shiru, Yaya zai kwana da murna. Duk da haka na juya wajen maƙwabcina.

"Malam, wai rigata ba ta shiga cikin awon nan ba?"

Maƙwabcina ya leƙa, ya dafe kai. Aka toshe ƙasan ƙofa da tabarma, aka lulluɓe ni da bargo ina zufa, aka sake awo. Ya tasam ma dubu. Allon lafiyarsa lau.

Ke nan matsalar a idon Yaya take. Can Yaya ya ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka iya barin abu ya wuce." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Mi zan yafe? Da sabon allo zan saya in ci gaba da lalube." Kafin mu kwanta ya yarda ba zai rufe shago ba sai likitan ido ya duba shi, ni kuma zan raka shi.

Washegari muka biyo hanya, muka shigo Ƙanƙara kafin la'asar. Na tafi ina roƙon Allah ya sa laifin na'ura ne, na dawo da labarin da ban so ba. Abin da na koyo shi ne, in za ka auna abu don wanda kake ƙauna, ka fara duba ko kai kanka ba ka tsaya a cikin awon ba. Allah ya ba Yaya lafiya.