Ɗantala Ya Koro Sa Daga Maigatari

A ƙauyensu Ɗantala, cikin ƙasar Sule Tankarkar, mahauta ba su yi kaɗan ba, amma idan ka ji an ce mai yanka, to mutum ɗaya ake nufi. Sauran daga akuya sai tunkiya, ranar kasuwa kuma su zo wurinsa, wannan ya ɗauki cinya, wancan ya ɗauki kafaɗa, su je su kasa a teburansu. Shi kuwa duk Juma'ar duniya, ranar da kasuwar garin ke ci, sai ya kayar da sa. Haka ya taras da ubansa yana yi, haka ya ci gaba. Gajere ne kakkaura, da 'yar siririyar murya wadda ba ta dace da wuyansa ba, ga saurin hawa ga saurin sauka. Gonarsa ba ta kai shi rani, karatunsa bai wuce na salla ba, kuma duk wannan bai taɓa hana shi barci ba. Ka tsokane shi a kan komai zai yi dariya, amma kada ka kuskura ka ce san wannan makon bai kai na wancan ba.

Tun yana ɗan ficici yake bin ubansa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A lokacin babu zancen mota. Uban ya sayi sa, ya ɗaura masa igiya, su kamo hanya ta cikin jigayi suna tafe suna cin aya, kafin rana ta faɗi sun shigo gari. Wannan tafiya ta zauna wa Ɗantala a rai kamar yawon salla, wahalar duk ta goge, daɗin kawai ya rage. Bayan uban ya kwanta dama harka ta buɗe masa, ya sayi wata tsohuwar akori-kura a hannun wani ɗan Gumel. Mota ce da sai an tura take tashi, ƙofarta ma da igiya ake ɗaurewa, amma ta yi shekara da shekaru tana kai shi kara, kasuwar shanu, tana dawo da shi. A cikinta ya aurar da 'ya'yansa mata, a cikinta ya yi tumbi, har ya manta yadda yashin hanyar yake a tafin ƙafa.

Injinta ya buga a daminar da aka cire tallafin mai. Makanike a Gumel ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya faɗi kuɗin wani injin. Ɗantala ya ce shi fa inji ya tambaya, ba mota ba. Makanike ya ce ai na injin ya faɗa masa. Bai yarda ba, ya taka har wurin masu sayar da motoci na hannu don ya ji da kunnensa. Abin da ya sayi motar da shi a da, yanzu ko babur mai lafiya ba zai ba shi ba. Aka jawo akori-kura aka ajiye a ƙofar gida, tayoyi suka sace, kajin matarsa Kande suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa.

Daga nan ya koma haya, nan ma wata fitinar ce. Kowace Alhamis direba da sabon farashi, kuma ba ka da bakin magana, don shi ma gidan mai zai nuna maka. A kara kuwa abin ya fi muni. Masu shigo da shanu daga Nijar da sefa suke lissafi, naira kuwa kullum ƙara tsugunawa take yi. Ga masu lodin tirela zuwa Kudu, waɗanda ba sa tsayawa dogon ciniki, dillali na buɗe baki sun ce sun saya. Mutum irin Ɗantala sai dai ya yi ta zagaye yana shafa bayan shanun da ba zai iya saya ba. A gida kuma masu saye sun ƙanƙance. Gidan da ake sayen tsoka aka koma kayan ciki, gidan kayan ciki aka koma ƙashi da ɗan kitse don dai miya ta yi ƙanshi.

Babu dabarar da bai yi ba. Ya rage girman kashi, mutane suka yi gunaguni suka saba. Ya haɗa mota da masu awaki, dabbarsa tana isowa a matse cikin fitsari. Ya daina shan shayi da madara, ya ce wai cikinsa ne ba ya so. Wadda ta fi ci masa rai ita ce sayen guzuma, tsohuwar saniyar da makiyaya suka gama tatsa suka gaji. Yakan yanka ta yana kawar da kai, don ya san gobe za a tare shi a masallaci a ce an ƙarar da itacen gida naman bai nuna ba.

Kande mace ce da ba ta iya sa wa magana gishiri ba. Ta ce ya sauka kan awaki tun jarin bai narke ba, duniya ba za ta tashi don Ɗantala ya yanka akuya ba. Ya ce ita ba 'yar mahauta ba ce, shi ya sa take faɗin haka. Ta ce ita dai ce ke auna tsabar gidan, ta fi kowa sanin inda aka kwana. Ya fice yana faɗa shi kaɗai. Gaskiyar magana tsoro yake ji, irin wanda namiji ba ya gaya wa matarsa. Idan Juma'a ɗaya ta wuce bai kayar da sa ba, wani zai kayar, mahautan da ke ɗauka a wurinsa kuma su koma can, ba don ƙiyayya ba, don su ma da iyali a wuyansu.

A wata Alhamis ta kaka, ana tsakar yankan riɗi, direban da ya saba ɗauko masa ya sake ƙara kuɗi. Suka tsaya a bakin kara suna cacar baki, har Ɗantala ya ce ubansa bai taɓa biyan ko kwabo don a ɗauki sa ba, sa da ƙafafunsa har huɗu. Direba ya ce to Allah ya kiyaye hanya, ya juya wurin wani. Maganar da aka faɗa cikin fushi sai ta zama shawara, shawarar kuma ta yi masa daɗi, don ya ga idan ya ɗora kuɗin motar a kan jari, yau zai huta da guzuma, ya sayi irin san da ya daɗe bai yanka ba.

Kuma ya same shi. Wani fari ne, tozonsa ya kwanta gefe don ƙiba, fata na sheƙi, katara a cike. Dillali ya ce turkar gida ce, wata mata a cikin gari ta ɗaure shi tun yana maraƙi, dusa da harawa da ruwan kanwa duk har inda yake ake kai masa. Ɗantala ya danna gindin wutsiya, ya kama haƙarƙari, ya ji abin da yake son ji. Aka yi tayi, aka ce albarka, aka ƙara, aka sallama. Ya zazzage aljihunsa kaf, har da na la'ada. Abin da bai duba ba shi ne kofato. Me zai duba a kofato? Shekarun da ya yi da mota sun koya wa idonsa ganin nama kawai. Shanun da ubansa yake korowa na makiyaya ne, masu tsinin katara, waɗanda suka tako da ƙafarsu tun daga Damagaram. Wannan kuwa tafiyar da ya taɓa yi a duniya ita ce daga turkensa zuwa kara.

Bai jira rana ta yi sanyi ba, don yana so ya isa da haske, san ya huta kafin safiya. Bai ɗauki 'yan kora ba, su ma ai kuɗi ne. Ya kama igiyar hanci ya sa kai cikin zafin nan na kaka mai fitowa ta sama da ta ƙasa. Da fari abin gwanin sha'awa. Masu babura suna rage gudu suna cewa Allah ya sa albarka, shi kuma yana amsawa yana wani buɗa kafaɗa. Da suka bar titi suka faɗa burtali, yashi ya fara cin ƙafa, sai san ya rage sauri. Can ya fara dalalar da yawu. Can ya fara ɗaga ƙafa yana ajiyewa kamar mai taka ƙaya. Ɗantala ya lallashe shi, ya zage shi, ya murɗa masa wutsiya, alhali shi ma gwiwoyinsa sun fara gaya masa gaskiya. Daidai la'asar, a gindin wata aduwa kusa da wani ɗan ƙauye da ko sunansa bai sani ba, san ya durƙusa, ya kwanta, ya miƙe wuya.

Wani dattijon Bafulatani mai suna Bappa, wanda rugarsu ke bayan ƙauyen, ya ratso da 'yan tumakinsa. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya ɗaga ƙafar san ya ga kofaton ya tsage yana jini, ya sa hannu a hancinsa ya ji numfashi. Bai yi wa Ɗantala faɗa ba, bai kuma tambaye shi dalili ba. Ya koma rijiya ya ɗebo ruwa, suka zuba masa a ka da gadon baya. San ko kunne bai motsa ba.

"Malam, kana da wuƙa?" in ji Bappa.

Ɗantala ya ce yana da ita, amma gobe ce kasuwarsu, a ɗan ƙara jira ko za a samo amalanke.

"Amalanke ba za ta same shi da rai ba," in ji Bappa. "In ka jira, mushe za ka kai gida."

Ɗantala ya san haka tun kafin a faɗa, ya ga mutuwar dabba ya fi a ƙirga. Amma ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallon hanyar garinsu, yana jin kamar ya fashe da kuka, don ya san duk abin da ya mallaka ne kwance a gabansa, bayan wannan babu na sayen wani. Idon san ya fara juyewa. Suka karkata wuyansa ya fuskanci gabas, Ɗantala ya yi bisimilla ya yanka. Jini ya zubo, ƙafa ta harba, Bappa ya ce alhamdu lillahi, ya halatta.

Kai naman gida ba zance ba ne. Naman dabbar da ta galabaita a rana ba ya kwana, kafin safiya ya yi duhu ya fara wari, mutanen garinsu kuma ba sa sayen naman da ba su ga yankansa ba. Mai unguwar ƙauyen ya zo, aka yi masa bayani, ya ce a kasa a nan. Kafin a gama fiɗa gari ya fito kaf. Mutane ne da rabonsu da naman sa tun watandar salla, ga kwaɗayi a ido ga aljihu wayam, don ba a kai riɗi kasuwa ba tukuna. Sai aka koma irin ta da, musayar nama da amfanin gona. Mai gero ya kawo, mai wake ya kawo, wata ta zo da busasshen zoɓo a ƙwarya. Babu wanda ya cuce shi da gangan, amma mai nama a daji rana tana shirin faɗuwa ba shi ke faɗin farashi ba. Ya yi ta yanka yana miƙawa, tsokar da ya so mutanen garinsu su gani su yi magana tana tafiya a kwanon sha da murfin tukunya. Abin haushi, ko a nan hannunsa bai daina ɗora gyara ba. Ya ba Bappa kai da ƙafafu, Bappa ya ƙi, da ƙyar ya yarda ya karɓi hanta.

Ya kwana a zauren mai unguwa, washegari aka ɗora masa buhunan hatsi da fatar a amalanke. Ya shigo garinsu da hantsi kasuwa ta fara cika, hanyar kuma ta gaban rumfarsa ta bi. Teburinsa na nan a kife. Mahauta suna tsaye cirko-cirko da tirensu, tun asuba suke jira. Babu wanda ya yi dariya, shi kuwa da an yi da ta fi masa sauƙi, ko ba komai ya sami wanda zai yi faɗa da shi. Kande ta ga buhuna, ta ga fata, ta ga ƙafafunsa sun kumbura. Sai ta ɗora masa ruwan zafi.

Da aka sayar da hatsin da fatar, abin da ya taru ko maraƙin kirki ba zai saya ba. Ranar Laraba sai ga Hamma ya yi sallama. Shi ma ɗan mahauta ne, sa'an ƙanen Ɗantala, ya daɗe yana ɗaukar cinya a wurinsa, kuma surukinsa na da motar jigilar riɗi wadda za ta iya ɗauko masa dabba a kan hanyarta. Bai zo da cin fuska ba. Ya tsuguna a gefen tabarma ya ce yana neman izini ya sayo sa gobe, don kada kasuwa ta sake ci babu nama. Ɗantala ya ce kasuwa ai ta Allah ce, Allah ya ba da sa'a, muryar tasa ta ƙara sirancewa.

Ranar Juma'a ya daɗe a ɗaki bai fito ba. Kande ba ta ce ya fita ba, ba ta ce ya zauna ba, tire kawai ta wanke ta jingine a bakin ƙofa. Can ya ɗauka ya nufi mayanka. Ya taras Hamma ya kayar da sa, mahauta sun jeru, ya tsaya a bayansu. Hamma ya hango shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yaya, matso gaba mana ka zaɓa," in ji Hamma.

Ya ce a'a, a sallami waɗanda suka riga shi. Da aka zo kansa ya nuna cinya, ya ɗora a tire, ya kai teburinsa ya kasa ƙanana-ƙanana yadda aljihun mutane zai iya.

Wanda ya fara zuwa wani tsohon tela ne da ba ya sayen nama a wurin kowa sai a wurinsa. Ya ɗaga tsoka ya juya ta, ya ce lallai san yau ya yi kyau, hannun Ɗantala dai ba ya kuskure, a ina ya samo shi? Ɗantala ya naɗe masa a takarda ya miƙa masa.

"Na Hamma ne," ya ce. "Ni ɗauka na yi."