Likkafanin da Saje Garba ya kawo daga Bama

Har gobe ban manta da ranar da Hassan lebura ya rasu a hannuna ba. A ƙarshen shekarun 1950 ne, ina heluma, wato shugaban leburori, a wani kamfanin gine-gine da ke aiki a Kakuri. Hassan ɗan ci-rani ne daga gabas. Ba wanda ya san garinsu, don shi ba mai yawan magana ba ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar Babbar Sallah da hantsi rai ya yi halinsa.

Ku yaran yanzu ba ku san dokar lokacin ba. In ma'aikaci ya mutu ba dangi, akawu zai sanar da hukuma, a turo mota a ɗauki gawa, fursunoni su binne. Akawunmu ya ce mini, "Heluma, mota za ta zo da la'asar. In kun shirya shi kafin nan, naku ne."

Na zaga unguwar Makera kaf neman alawayyon likkafani. Ranar Sallah wa zai buɗe rumfa? Kowa na wajen yanka. Na dawo hannu sake, raina a ɓace, ina ta faɗa da mutanen da ba su yi mini komai ba.

Mai gadinmu wani tsohon soja ne da ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama, Saje Garba. Mun sha tsokanarsa, don ko buhun siminti aka sauke sai ya ce ba haka ake yi a Bama ba. Da ya ji abin da ake ciki sai ya miƙe. Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani ƙullin farin yadi mai ɗinki-ɗinki, duk kafur ya kama shi.

Na ce, "Baba Saje, wannan fa?"

Ya ce, "Laimar jirgi ce, wadda ake ɗaura wa kaya a jefo daga sama. Rundunarmu ba ta da hanyar mota, daji ne da duwatsu. Shinkafa, harsashi, magani, duk daga sama ake jefo mana. Wanda ya ji rauni ƙaramin jirgi ke ɗauke shi. Wanda ya mutu kuwa, a wannan muke naɗe shi. Akwai lokacin da Japanawa suka kewaye mu, ga ruwa ba ƙaƙƙautawa, jirgi ya kasa zuwa. Mutanena na binne da kakinsu, wasu da ganyen ayaba. Da laima ta sake sauka sai na ɓoye guda, na ce ni dai ba za a rufe ni haka ba."

Malam Isa, wanda ke ja mana salla a wurin aiki, ya shafa yadin ya ce, "Saje, in siliki ne bai halatta ga namiji ba."

Saje ya ce, "Allah gafarta Malam, ta siliki mutum ake saukewa da ita. Ta kaya auduga ce. Murza ka ji." Malam ya murza, ya gyaɗa kai.

Bitrus kafinta, Kirista ne daga kudancin Zariya, shi ya kawo almakashi ya farke ɗinkin, ya kuma haɗa mana makara. Muka yi wa Hassan wanka, muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa. Da motar ta iso sai ta juya ba gawa a ciki.

A hanyar dawowa abin ya tsaya mini a rai. Na ce, "Baba Saje, shekara da shekaru kana ajiyar abin nan. Kai kuma fa?"

Ya ce, "Lokacin da na ɓoye ta ba ni da kowa. Yanzu ina da ku."

Wallahi sai da na juya baya na share hawaye. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni aiki da wannan bawa nasa. Tun daga ranar na san heluma ba rabon aiki kaɗai ke wuyansa ba. Duk wanda na ɗauka aiki, ranar farko sai na zaunar da shi na tambayi garinsu da sunan mahaifinsa.