Ranar Da Kwando Bai Zo Ba

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Catford, ni da maigidan, yayyafin nan na London da ba ya tsayawa yana ta sauka. Shi ya riƙe jaka, ni kuma na riƙe bakina, don tun daga ƙofar flat, wato gidan benen da muke haya, na fara gwajin yin shiru. Ko tashar jirgin ƙasa ba mu kai ba na karya. Ya yi dariya ya ce, "Ke ce za ki yi kwanaki ba magana? To, Allah ya ba da sa'a."

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar Katolika ce daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. Gwamnati ta turo ni koyon aikin nas, maigidan kuma yana karatu a unguwar Bloomsbury. Surutu kuwa, ko marasa lafiya sun shaide ni. Abin da ya fitar da ni ba yawon buɗe ido ba ne. Wani ɗan garinmu ya zo sayen kaya, kun san tun da kuɗin mai ya buɗe mutanenmu sun mayar da London kamar kasuwar Funtuwa, ya kawo mini saƙon baka cewa Inna tana kwance, jiki ya yi tsanani. Ƙauyenmu ba waya. Fasfo ɗina kuma yana ofis ana sabunta mini izinin zama, ba damar hawa jirgin sama. Da na rasa abin yi, sai na durƙusa na yi wa Allah alkawari: abin da na fi so a duniya magana ce, zan ba shi ita, shi kuma ya bar mini Inna. Fadan cocinmu ne ya yi mini booking, wato ya kama mini wuri, a wani gidan Sistoci, matan nan da suka keɓe kansu don bautar Allah, da ke can ƙarshen gari, inda ake shiga kaɗaici a yi addu'a.

A cikin jirgin ƙasa kowa ya ɓoye fuska bayan jarida, ba sannu ba yauwa. Na sayi shayi, da kuɗinmu na yanzu araha ne ƙwarai, amma wallahi ruwan wankin kofi ya fi shi ɗanɗano. Gidaje suka riƙa raguwa, bishiyoyi suna ƙaruwa. Daga tasha muka shiga bas, ta ajiye mu a bakin wata doguwar katanga. A nan maigidan ya miƙo mini jaka ya juya.

Sista babba, wato shugabar gidan, ta karɓe ni ta bi da ni cikin kurmi zuwa wani ɗan ɗakin katako. Gado ne, kujera, gicciye a bango, da murhun itace. Ta ce kullum da safe wata tsohuwar Sista za ta ajiye mini kwandon abinci a bakin ƙofa, ta ɗauki na jiya. Ita ma tsohuwar a kaɗaice take zaune shekara da shekaru, a wani ɗaki can ƙasan kwari. "Kada ki gaishe ta, kada ki je ɗakinta," in ji Sista babba. Daga nan ta ɗora yatsa a leɓe, ta tafi.

Jama'a, rashin magana daban, rashin gaisuwa daban. Washegari na ji ƙwas-ƙwas na sanda da ɗan tari, na leƙa ta taga. Tsohuwa ce tukuf, ta ranƙwafa, sa'ar Inna ko ma ta girme ta, tana ɗauke da abincina ni da ƙafafuna lafiya lau. "Ina kwana" ta taso mini har maƙogwaro, na cije leɓe na haɗiye ta. Kunya ta kama ni kamar na yi sata.

Abincin burodi ne, da ɗan cuku, da dafaffen ƙwai, da miyar ganye marar gishiri. Da na gama sai wata matsalar ta taso. A gidanmu ba a mayar wa mutum kwano wayam. Na lalubi jaka, na samo ƙuli-ƙulin da na ɓoye, na jefa 'yan ƙwayoyi a kwandon. Da safe na buɗe sabon kwando, sai ga tuffa ja a saman burodi. Haka muka ci gaba, ni ƙuli-ƙuli, ita tuffa. Ita ce kaɗai hirar da na samu a wurin, kuma na riƙe ta hannu bibbiyu.

Shirun kansa ba daɗi, kada wani ya ruɗe ku. Ina jin bugun zuciyata, ina jin ɗigar ruwa daga ganye. In na ɗauki carbi sai fuskar Inna ta tsaya mini. Ko tari na yi sai gabana ya faɗi, in ce ko wannan ma ya shiga lissafin magana.

Ana nan, wata safiya sanyi ya sauko har ciyawa ta yi fari fat. Na kasa kunne, ban ji sanda ba. Hantsi ya yi, shiru. Da fari na ce shi ke nan, ƙuli-ƙulina ya jawo, an gane muna karya doka an hana ta zuwa. Na zauna ina zagin kaina. Can sai aikina ya faɗo mini a rai. Tarinta na jiya ya fi na kullum nauyi, kuma na lura tana jan ƙafa ɗaya. Na fita na hangi kwari. Kullum hayaƙi yana tashi daga rufin ɗakinta, ranar babu ko alama.

A ƙauyenmu, in tsohuwa ba ta buɗe ƙofa ba har rana ta ɗaga, ba wanda zai tsaya neman izini. Amma nan ba ƙauyenmu ba ne, an ce mini kada in je. Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Daga ƙarshe na yi wa kaina dabara: dokar Sista babba zan karya, alkawarin Allah kuwa yana nan. Zan je in leƙa, ba zan ce uffan ba.

Hanyar santsi ce, na zame na dafa ƙasa, na tashi. Ƙofarta a buɗe kaɗan. Na tura, sai ga ta kwance a ƙasa kusa da murhu, sandar ta yi gefe, ƙafar ta juya yadda duk nas ta san ƙugu ya karye. Na taɓa hannunta, sanyi ƙalau. Numfashi yana nan, amma idanun suna lumshewa. Na yaye bargo na lulluɓe ta, na cire kwat ɗina na ƙara. Na san sauran aikin. Wanda sanyi ya kama haka ba a barinsa ya yi barci, sai an yi ta yi masa magana, kuma sai an kira mutane.

Na durƙusa a kanta. In na buɗe baki, na karɓe abin da na ba Allah, to Inna fa? In na yi shiru, wannan baiwar Allah za ta tafi a hannuna ina kallo. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Idanunta suka rufe gaba ɗaya.

"Sannu, Mama! Sannu! Buɗe ido ki dube ni!"

Da Hausa ta fito, ban ma san na faɗa ba. Ta buɗe ido. Na leƙa waje na kwarara ihun da na tabbata kurmin nan bai taɓa jin irinsa ba, har sai da na hango Sistoci biyu suna gangarowa da gudu. Kafin motar asibiti ta zo, duk surutun da na tara na juye wa tsohuwar, Hausa da Turanci a haɗe. Na ba ta labarin ƙauyenmu, da Inna, da yadda ake soya ƙuli-ƙuli. Sai ta motsa baki, na kai kunne. Ta ce, "Abin nan naki ya kusa cire mini haƙori." Na yi dariya hawaye yana zuba.

Sista babba ta riƙe hannuna ta ce in zauna in ƙarasa kwanakina, Allah ba ɗan kasuwa ba ne. Na ji ta, amma zuciyata ba ta ji ba. Na haɗa jaka. A bas da jirgi ban ga komai a hanya ba, abu ɗaya nake ta maimaitawa: na karya, na karya.

Da na hau matakalar flat ɗinmu, sai na tarar da takalma jibge a bakin ƙofa, na maza da na mata. Na tura ƙofa na shiga. Falo cike da mutanenmu, Musulmi da Kirista, kowa ya sunkuyar da kai. Maigidan ya taso ya karɓi jaka ya ce, "Sai haƙuri." Na ce, "Ni ce. Ni na yi magana." Bai gane ba. Wani baƙo da ya sauka daga gida a ranar, shi ya kawo labarin, ya ce ai tun kafin in hau jirgin ƙasan nan zuwa gidan Sistoci an riga an binne Inna. Na tambaye shi ko ita kaɗai ce a ɗaki. Ya ce a'a. Maƙwabciyarta ce ta shiga yi mata ina kwana kamar kullum, ta tarar jiki ya yi nisa, ta zauna ta riƙe hannunta tana yi mata hira har rai ya yi halinsa.

Na tafi kurmi da niyyar yin ciniki da Allah, ashe ba abin da shiruna zai saya. Da na riƙe shi gam, da tsohuwa biyu na rasa. Abin da na dawo da shi ke nan, sai sauran tuffa guda a jaka.

Ranar Lahadi na je asibiti duba tsohuwar Sista. Na durƙusa a bakin gadonta, na gaishe ta da kwana, da jiki, da sanyi, da gajiya, ban rage komai ba. Gaisuwar da na tanada wa Inna ce, ita na ba.