Telan da Ya Rage Wandunansa

Tela ya daɗe a kan keken ɗinki, lemo mai zaƙi a damansa, soye-soye a hagunsa. Wani in ya fara ƙiba, wandonsa ne ke fara gaya masa. Shi kuwa Tela, da wando ya matse shi sai ya farke ɗinkin ya ƙara ƙyalle, magana ta mutu. Haka tumbi ya yi ta gaba ba mai tsawata masa.

Da kasala ta fara kifar da shi a kan keke, matarsa ta ja shi asibiti. Likita ya ce kitse ya taru masa a hanta, kuma in bai sake hali ba, keken zai rasa mai taka shi.

Washegari Tela ya tafi shago a ƙafa. Ruwa ya karɓi wurin lemo, ganye da wake da kifi suka cika kwanonsa.

Maƙwabcinsa mai aski ya leƙo. "Tela, akuya ka koma?"

"Ka taɓa ganin akuya a layin likita?" in ji Tela.

Bayan watanni likita ya sake dubawa, ya ce kitsen ya ja baya sosai, hanta ta samu sarari. Ran nan matar ta kawo masa abinci shago, ta tarar yana cire ƙyallayen nan daga wandunansa.

"Baban yara, me za ka yi da su?"

"Tsumman goge keke," ya ce. Sannan ya taka keken da ƙarfi, har mai aski ya ji ta bango.