Sakiyar da aka yi wa Inna a kasuwar Guci

Akwai abin da in ya sami mutum, shekaru ba sa goge shi, kuma abin da Kawu ya yi wa mahaifiyata yana cikinsu. Har gobe in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Magarya, Inna kuma tana ƙauyenmu kusa da Guci. Wani kullutu ya fito mata a wuya, aka sha jiƙe-jiƙe har aka gaji, yana ta girma. Da na kai ta Damagaram aka ce ciwon daji ne, sai dai Yamai. Can aka sa ta a layin masu gashi, wato a kwantar da mutum ƙarƙashin wani babban inji, ya harba wani haske da ido ba ya gani kan inda ciwon yake. Babu wuta, babu allura. Kullum da safe mu je, ta shiga, ta fito tana gyara ɗankwali.

Mun yi nisa da gashin sai Kawu ya zo dubiya. Yayan Inna ne, ɗan kasuwar hatsi, kuma tun rasuwar Baba maganarsa ce doka a kanta. Tsautsayi ya sa ranar da ya raka mu asibiti aka ce ba a gashi. An yi wa injin gyara, dole a auna ƙarfinsa kafin a sake sa mutum a ƙarƙashinsa. Ƙofar ɗakin a buɗe take, ya leƙa, ya ga wata matashiyar ma'aikaciya tana daidaita wani akwatin gilashi cike da ruwa a gurbin da Inna take kwanciya.

"To, madalla," in ji shi. "Mutane na zaune da ciwo, ku kuna jinyar ruwa."

Baiwar Allah ba ta ji haushi ba. Ta fito ta gaishe shi, ta nuna masa wani ɗan abu kamar kan alƙalami a bakin waya. Ta ce, "Baba, cikin wannan akwai ɗan lu'ulu'u, ba na haƙowa ba, ƙera shi ake yi. Bai kai ƙwayar gero ba. In na sa shi cikin ruwa, shi ke gaya mini yawan hasken da zai shiga jikin hajiya, don jikin mutum yawancinsa ruwa ne. In ya yi kaɗan ciwon ba ya mutuwa, in ya yi yawa ya ƙona nama mai lafiya."

Kawu ya yi wata dariya da har yau nake jin ta a kunnena. Ya juya ga Inna ya ce, "Ke, in an yi miki abin nan, da zafi?" Ta ce a'a. "Jini na fita? Mugunya fa?" Ta girgiza kai. Ya ce, "To ina maganin yake? Ciwon da bai fito ba ai yana ciki. Wanzami ba ya neman lu'ulu'u kafin ya san ƙarfensa ya yi ja."

Ku ji fa! Mutumin da ko ɗan cikinsa ba ya ba gero sai ya sa tiya ya shafe bakinta, shi ne ke raina awo a kan wuyan ƙanwarsa. A wurinmu maganin da bai yi ɗaci ko zafi ba, ba a ɗauke shi magani ba, kuma wannan tunanin ya cinye mutane da yawa.

Na roƙe shi, na yi kuka, har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya ce, "Ke ƴar lakwal, don kin yi boko, yaushe aka haife ki? Uwarki ce, amma ni na goya ta." Likita ma ya kira shi ya ce katse gashi a tsakiya haɗari ne. Ya amsa da to, washegari ya sa Inna a kar, babbar motar fasinja mai komawa gida. Ita kuwa ta ɗaure kayanta ta bi yayanta.

Ranar kasuwar Guci ya kai ta rumfar wani wanzami, aka sa ƙarfe a wuta aka huda kullutun. Ba na nan, na koma aji, ya tabbatar sai da na bar ƙauyen. Babu mugunyar da ta fita sai jini. Fatar da ta sha gashi ba ta warkewa da wuri, ramin ya ƙi rufewa, ya ruɓe. Da na samu na mayar da ita Yamai, ba tare da na nemi izinin kowa ba, likita ya duba ciwon. Ya ce ba a gashi a kan gyambo, sai ya warke. Bai warke ba.

A kwanakinta na ƙarshe ina share mata wurin ina faɗa, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ƴar nan, can fa har na fara juya wuyana in zan sallame salla. Na ji sauƙi. Amma babu wanda ya tambaye ni."

Ranar sadakar uku Kawu ne a kan babbar tabarma yana karɓar gaisuwa, yana cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, rai na Allah ne, kuma ban ce da ta ƙarasa gashin lallai ta tashi ba. Amma an hana ta damarta, kuma wanda ya hana ta bai taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Abin da na koya shi ne girman shekaru bai ba mutum ikon yanke hukunci a kan jikin wani ba. Yanzu duk wanda ya kwanta a danginmu, kafin manya su buɗe baki, nakan durƙusa a gabansa in ce, "Kai me kake ji, me kake so?" Wasu na cewa ba ni da kunya. Su faɗa, kunyar ce ta binne mini uwa.